Tsayuwar Boko da Durƙuson Gida

Har gobe ban manta da ranar da Alaramma Malam Sani ya shigo makarantarmu riƙe da hannun ɗansa Habibu, fuska a murtuke ba. Shekarun hamsin ne, kafin a samu 'yancin kai. Ina ƙaramin malami a wata elementare a Unguwar Sarki, ana gwada ni kafin a tabbatar mini da aiki. Rabin ajina 'ya'yan ma'aikatan gwamnati ne. Sauran kuwa, iyayensu ba su sako su boko ba sai da suka ga Alaramma ya ba da nasa.

Ku malaman yanzu ba ku san dokarmu ba. In babba ya shigo aji, yara su miƙe ƙyam, su dube shi, su gaishe shi da ƙarfi. Na koya musu har suka ƙware. Ashe Habibu ya kai darasi gida. Uban ya shigo zaure da baƙi, kowa ya zube ƙasa, gogan naka ya miƙe kamar soja, ya kafe shi da ido, ya rangaɗa masa barka da asuba.

Alaramma ya ce wa Hedimasta, "Na ba ku yaro mai gwiwa, kun mayar mini da taɓarya. Na janye shi."

Hedimasta ya ja ni gefe. "Malam Isa, in Alaramma ya janye, unguwa ta janye. Aji ba yara, malami ba aiki."

Na bi Alaramma har bakin ƙofa na durƙusa, na roƙe shi ya bar mini yaron, shi kuma ya dawo ranar Alhamis, tunda ba a karatun allo ranar, ya gani da idonsa. Ya ce, "To. Kai dai taka gwiwar tana aiki."

Washegari na mai da aji gida. Na naɗa wa wani yaro tawul ya zama uba, wata ta riƙe tsintsiya ta zama goggo, wani ya saƙala alli a kunne ya zama malami. Duk wanda ya shigo sai in ce, "Wa ya shigo? Yaya za a gaishe shi?" Ajin da a da in na yi tambaya ko tari ba ka ji, sai ga shi ya koma kasuwa, kowa na ɗaga hannu. Lissafi ma da goro muka yi shi: a raba wa baƙi, a faɗi wa za a fara miƙa wa, kuma da wane hannu.

Ranar Alhamis sai Alaramma da Hedimasta suka shigo tare, kafaɗa da kafaɗa. Innalillahi! Wannan kam ban koya musu ba. Aji ya rikice, wasu sun miƙe, wasu sun tsugunna, wasu sun maƙale a tsakiya suna kallona.

Sai Habibu ya ce, kowa na ji, "Kai, Baba ya girmi Hedimasta!"

Gaba ɗaya suka zube. "Allah gafarta Malam, ina kwana?" Ni ma na bi su. Hedimasta ya waiga ya ga shi kaɗai ke tsaye kusa da dattijo, sai ya tattara wandonsa mai guga ya rusuna. Da suka gama, yaran suka miƙe ƙyam suka ba shi tasa gaisuwar, shi yana ƙasa.

Alaramma ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Ya ce, "Ashe boko ma yana da gwiwa." Da aka koma makaranta ranar Litinin, Habibu ya zo da ƙanensa.

Na daɗe ina koyarwa bayan nan, kuma abin da na riƙe ke nan: duk abin da ka koya wa yaro a aji, a zauren ubansa zai fara gwada shi. Saboda haka kafin ka buɗe baki, ka tuna wa ke zaune a zauren.