Madam Rifkatu da sabis ɗina na ƙarshe

Da safen nan aka kira ni daga garin Kona, wai Madam Rifkatu ta rasu. Har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Ita ce malamar wasanninmu a sakandare, a shekarun da aka ƙirƙiro jihar Taraba. Ga faɗa, ga kyauta. Za ta wanke ki tas a filin ƙwallon raga, ki koma aji ki tarar ta aiko miki da dafaffiyar doya da yaji. Takalmin kambas ɗina na farko ma na 'yarta ne.

Akwai wani wasan fainal da ba zan manta ba. Masu zaɓen 'yan wasan jiha suna zaune a gaba, ni kuwa duk burina in shiga. Na buga sabis ya faɗa raga, na sake, ya fita waje. Da layi ya sake zagayowa kaina, wallahi ko ƙwallon ba na gani, sai ihun mutane.

Madam ta sa aka tsayar da wasa. Na zaci zagi zan sha. Sai ta ce, da irin Hausarta:

"Kai Ladi, mai rake ɗin can, wane kala riga ya sa?"

Na waiga na ce kore.

"Ƙafanka yana ina?"

Na ce a ƙasa.

"To kai ma sauko. Wancan bol ya wuce, wannan ne naka."

Dariya ta kuɓuce mini, numfashina ya dawo. Sabis ya shiga. Ba mu ci kofi ba, amma an ɗauke ni.

Bara na je gaishe ta. Ta rame sosai, bakin nan dai yana nan. Na ce Madam, ke ba kya jin tsoro ne a lokacin?

Ta yi dariya har da tari. "Ni? Gwiwana yana rawa ya fi naku. Don me kana gani ina ɗaura zani har ƙasa?"

Ashe duk shekarun nan tsoronta take ɓoyewa don mu samu ƙarfin tsayawa. Ina hawa mota na fashe da kuka.

Allah Ya ba ki hutu, Madam, Ya ba 'ya'yanki haƙuri. Jama'a, Kirista da Musulmi, don Allah ku sa ta da iyalanta a addu'a.