Mu'tasim Mai Gyaran Firji

Ina kan keken ɗinki a unguwar Hayyin Ashir ta Alƙahira, bayan azahar, Husam mai shayi ya shigo bai yi sallama ba. Ya ce Mu'tasim ya faɗi a bakin shagonsa, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Na ce wane Mu'tasim ɗin? Alhali guda ɗaya na sani.

A asibiti suka ce ni ne nasa, tunda ba kowa. Za a ɗauke shi yau, ko a sa shi a ɗakin sanyi? 'Yarsa Safa tana Wadi Halfa, bakin iyakar Sudan, tana jiran izinin shigowa Masar, ba wanda ya san ranar da za ta samu, wayarta kuma ba ta shiga. Wasu ɗaliban Azhar 'yan ƙasarmu da suka biyo ni suka ce sunna ita ce a gaggauta, a gida ma ba a kwana da gawa. Gaskiya suka faɗa.

Shi dai Mu'tasim a cikin sanyi ya tashi. Mahaifinsa, Malam Ya'ƙub, mutumin Haɗeja ne, ya fito aikin Hajji a ƙafa, guzuri ya ƙare a Kosti ta Sudan. Can ya sami aiki a gidan ƙanƙara, wani tsohon inji na zamanin Turawa mai warin da ke sa hawaye. Ana zuba ruwa a dogayen gwangwanaye, a nutsar da su cikin ruwan gishiri mai sanyi, a ciro ƙanƙara kamar turmin atamfa, a binne ta a garin katako. Mu'tasim ya ce tsohon ya yi wata guda bai yarda ya sha ba. Inji yana cin wuta, jikinsa ba ya taɓuwa don zafi, ya kuma haifi ƙanƙara? Sai da ya tambayi malami. Wataran Mu'tasim ya ce malamin ya halatta, wataran ya ce zafin Kosti ne ya halatta. Hajjin dai ba a yi ba.

Ɗan ya gaji aikin, ya koma gyaran firji, ya zo Alƙahira neman abinci ya bar iyali a Omdurman. Talaja, kamar yadda suke kiran firji a nan, ba wadda ba ya tasarwa. Kunne yake kangawa a jikinta, ya ce, "Wannan tsohuwar gajiya ta yi, ba mutuwa ba." Ya sha yi mini bayani: wai ba sanyi ake sa wa ba, zafi ake cirewa.

"To ina zafin yake zuwa?"

"Taɓa bayanta, Tela."

Na taɓa, na ƙone, ban gane ba. Ya ce ma'alish, ba komai, kan da ya saba da allura ba ya ɗaukar babban abu. Shi kuwa ruwan tulu yake sha, wai na firji yana kashe masa haƙori.

Abin da ya riƙe ni ke nan a asibitin. Mutumin da ba ya shan ruwan sanyi, in sa shi a sanyi? Ko kuwa shi ne wanda ba zai tsorata da shi ba? Na juya, na juya, ban samu ba.

Na ce a jira Safa. Ɗaliban suka yi mini sallama irin ta ladabi, wadda ta fi faɗa ciwo. Har yanzu yana can ɗakin sanyi, ita tana can bakin iyaka, ni ina nan ban san ko na zalunce shi ba. Allah Ya yafe mana duka. Hujjata guda ce, ba ta cikin littafi.

Ranar Laraba kafin rasuwarsa na taya shi hawa bene da wata 'yar firji da ya gyara don ɗakin da ya kama wa Safa. Muka tsaya hutawa a tsakiya, yana haki. Na ce, "Shekaru nawa rabonku? Da wannan furfurar, yarinya za ta wuce ka a tasha tana neman babanta."

"Gilashin kyamarar wayata ya fashe," ya ce, "rabin fuska take gani. Jiya ta ce wai na rame. Ni ba na son komai, Tela, ta dai gan ni gaba ɗaya, khalas, shi ke nan."

"To ka aske gemun nan."

"A'a, haka za ta gan shi. Yalla, ɗaga naka ɓangaren, kai ne a ƙasa."