Guɗar Malamin Gona a Hanyar Malumfashi

Funtua

Ana idar da sallar Asuba na tayar da Landirobar ofishin gona, mai lasifika a ka, zan zagaya da sanarwar feshin auduga har Kafur. Direbanmu na kwance da zazzaɓi, don haka ni kaɗai ne. Allah Ya yafe mini, murna na yi, domin a aljihuna akwai kaset ɗin kiɗan ƙwarya na matata Asabe. Kwanan baya na ƙwace shi, na yi mata dogon wa'azi cewa gidan malami ba gidan amada ba ne, na ce na jefa shi masai. Masan kuwa aljihun rigata ne. Abu ɗaya nake tsoro a duniya, kada Asabe ta sani.

Bakori

Ƙarfe bakwai na sha koko da ƙosai na kwabo goma, na yi sanarwa a bakin kasuwa da muryar manya. Na rataye makirufo kusa da sitiyari. Na rataye dai, amma ban kashe ba.

Da na fita daga gari aka soma yayyafi. Na ɗaga gilashi, na saka kaset a 'yar rikodata, na ƙure murya. Mata suka ɗauki waƙa, ni kuwa na shiga amshi da siririyar murya, ina kaɗa kafaɗa. Manoma suka riƙa ɗagowa daga kunya suna ɗaga mini fartanya. Na ce a raina, kai, a bana talakawa sun san darajar ma'aikacin gona.

A shingen 'yan sanda wani sajan ya ɗage itace tun kafin in iso.

"Wuce, ranka ya daɗe! Allah Ya ƙara basira!"

Na sara masa, har da gyara hula.

Malumfashi

Wajen takwas da rabi na shigo tasha, daidai inda kiɗan ya yi daɗi. Ban san sa'ad da na kama hanci na rangaɗa guɗa ba. Sai na ji masu tallar fura sun amsa mini daga waje, su wajen goma.

Aka ƙwanƙwasa gilashi. Yaya Hanne ce, yayar Asabe, da ƙullin kayanta a ka.

"Malam Sani, ina kwana? Tun daga gada muke jin ka. Bikin wa ake yi?"

Na dubi makirufo, ya dube ni. Da ƙasa za ta tsage, da na shige da motar gaba ɗaya.

"Yaya, ina zuwa haka da sassafe?"

"Funtua mana, wajen ƙanwata."

Na ce ta jira in dawo in kai ta. Ta ce ai motarsu ta cika.

Kafur

Ban taɓa tara jama'a irin ta ranar ba, labari ya riga ni isa. Na yi bayanin feshi gumi na keto mini. Da na ce akwai mai tambaya, wani dattijo ya ɗaga hannu.

"Malam, maganin mun gane. Yaushe za a yi guɗar?"

Tuwon da aka kawo mini a gidan mai gari, ko rabi ban ci ba.

Gida

Na yi ta jan ƙafa a hanya, sai bayan Magariba na shiga gida, lafiya lau, godiya ga Allah, in ban da mutunci da na baro a tasha. Yaya Hanne ta tafi. Asabe ta kawo ruwa, ta kawo tuwo kamar kullum. Har na soma sa rai. Sai da na wanke hannu ta durƙusa cikin ladabi.

"Malam, ashe masanmu har Malumfashi ake jin sa?"

Na zaro kaset na miƙa mata. Ta juya shi, ta mayar mini.

"Riƙe na gobe. Amma Yaya ta ce a amshi na biyu kana riga matan shiga."