Ranar da Sifili Ya Shiga Saƙon Malam Haladu

Liatu Sulemanu 'yar Ƙarfi ce, ita ce ta uku a gidan 'ya'ya bakwai. Mahaifinta auduga yake nomawa, da auduga ta daina biya sai ya koma masara da waken suya, a kan haka har ya rasu. Mahaifiyarta, Mama Ƙauna, tana nan da ranta, kuma har gobe in aka tambaye ta aikin da Liatu take yi sai ta ce, "Tana danne-danne a ofishin manoma." Ba ta yi ƙarya ba.

Da Liatu ta gama sakandare a Malumfashi, sai wata ƙanwar babanta ta ɗauke ta zuwa Funtua, ta sama mata wuri a wani shagon buga takardu kusa da tasha. Shekara takwas ta yi a can tana buga katin biki da takardar cinikin fili da aikin ɗalibai. A shagon ta fara buɗe cikin kwamfuta, saboda mai gyara yana nesa kuma ba ya zuwa sai ya ga dama. Daga baya ta yi difloma ta ƙarshen mako, ta auri Mark, malamin firamare, suka koma Malumfashi da zama. 'Ya'yansu biyu.

A shekarar 2021 wata ƙungiyar manoman masara da ke da ofis a Malumfashi ta ɗauke ta aiki. Ƙungiyar tana da malaman gona arba'in da biyu, warwatse daga Dayi har Dandume, da manoma wajen dubu shida a rajista. Wasu masu haɗa manhaja a Kaduna sun yi wa ƙungiyar manhajar aika saƙo, inda malaman gona ke tattaunawa da junansu da kuma ofis. Kowa yana ganin fuskar manhajar a wayarsa, amma bayanta Liatu kaɗai ke gani. Shafi ne mai jerin makunnai, kamar na fitila a bango: wannan na saƙon murya, wannan na hoto, wancan na buɗe sabon rukuni. Kowane makunni ana iya kunna shi ga kowa, ko ga mutum goma kawai, ko ga yanki ɗaya, ko a bar shi a kashe.

Da duka ta koyi aikin. A watanta na farko ta ga wani makunni da ke sa hotuna su sauka da kansu a waya, ta ga ai sauƙi ne, ta kunna wa kowa. Kwana biyu data ta ƙare wa malaman gona gaba ɗaya, saboda wani ya turo hoton gonarsa guda sittin. Wayarta ta kusa kama wuta don kira. Tun daga ranar, duk sabon abin da ya zo sai ta fara kunna wa mutane kaɗan, ta zuba ido mako guda. Wasu a ofis suna cewa ta cika nawa. Ba ta musu.

A daminar 2023, tsakiyar watan Yuli, tsutsa ta faɗa wa masara. Tana shiga cikin tsakiyar ganye ta yi ta ci, sai manomi ya wayi gari ya ga gonarsa duk huji. A daidai lokacin mutanen Kaduna suka kammala wani sabon abu mai suna shela: malamin gona zai rubuta saƙo a manhaja, ya danna, saƙon ya tafi wayoyin manoma a matsayin tes, har ga masu ƙaramar waya.

Ranar Juma'a wajen ƙarfe sha biyu shugaban ƙungiyar, Alhaji Abdulmutallib, ya shigo ɗakinta bai ko zauna ba.

"Malama Liatu, an ce abin nan ya iso. A kunna shi yau."

"Ya iso, ranka ya daɗe. Amma ina so in fara da Dayi, mutum ashirin. In ya yi kyau, Laraba in buɗe."

"Laraba? Tsutsar za ta jira ki har Laraba?"

"Ba za ta jira ba, Alhaji. Amma saƙon tes in ya fita ba a dawo da shi. A manhaja ana gogewa, a wayar manomi ba a gogewa."

Ya tsaya yana kallon ta, yana juya makullin mota a yatsa. Mutum ne mai saurin magana amma ba mai riƙo ba. Ya ce, "Litinin. Ba Laraba ba." Ya fita zuwa masallaci.

Abu biyu ta so ta saita. Na farko iyaka: duk shelar da aka yi, lambobi ashirin na Dayi kawai za ta je wa. Na biyu tsayarwa: saƙo ba zai fita ba sai wani a ofis ya duba ya amince. Ta saita na farko, ta adana. Ta saita na biyu, tana danna wurin adanawa aka ɗauke wuta, na'urar intanet ɗin ofis ta mutu. Hadari ya haɗo daga gabas, mai gadi yana ta rufe tagogi, ga yara suna jiran ta ɗauko su a makaranta. Ta ce a ranta ai ya shiga, ta rufe kwamfuta ta tafi.

Ran Lahadi suka je Ƙarfi sujada, saboda zumuntar mata ta cocin garinsu tana da godiya kuma Mama Ƙauna na cikin masu waƙa. Wayar Liatu tana cikin jaka, a kashe. Sai wajen sha ɗaya da rabi, suna tsaye a ƙofar coci ana gaishe-gaishe, ta kunna. Kira goma sha bakwai, duk daga Malam Haladu, malamin gona na Dayi. Kafin ta nemo lambarsa ya sake kira.

"Malama, innalillahi. Na yi ɓarna."

"Me ya faru, Malam?"

"Na rubuta shela a kan maganin tsutsa. Murfi biyu a tankin feshi. Sai da na aika na duba, ashe ashirin na rubuta. Sifili ya shiga. Kuma 'kowa' na danna."

"Da ƙarfe nawa?"

"Tara da kwata."

Ta lissafa a ranta, sa'a biyu da 'yan mintoci ke nan. Murfi ashirin a tanki ɗaya zai ƙone masara ƙurmus, kuma masu goye da tankin, waɗanda mafi yawansu ba sa rufe hanci, su ma suna cikin haɗari. Manoma dubu shida, kowa a matse, kowa yana jiran malamin gona ya ce wani abu. Sai kuma ɗauke wutar ranar Juma'a ta faɗo mata a rai. Ta yi ƙoƙarin tuna ko ta ga koren rubutun da ke nuna an adana, ta kasa. Har na farkon ma ta fara shakka.

Shafin makunnan ba ya buɗuwa sai a kwamfutar ofis. Ita da kanta ta roƙi a yi haka, don gudun kada a sace wayarta a shiga. Ta miƙa wa Mark jakar yara, ta ce, "Ku taho da Mama, zan kira ka." Ta tattare zanen zumunta ta hau ɗan acaɓa a bakin titi.

An yi ruwa da asuba, titin Malumfashi duk taɓo a gefe. Dama da hagu masara ce kore shar, ta kai ƙugu. Duk wanda ta hango a gona sai ta zura ido ta ga ko da tanki a bayansa. Ta ga mutum biyu da fartanya, ta ga wata mata tana tsinkar rama. Kusa da gari ta hango wani da tanki mai shuɗi, ta kusa cewa ɗan acaɓa ya tsaya. Da suka matso sai ta ga a gonar barkono yake.

Alhaji Abdulmutallib ya riga ta isa ofis, shi ma Haladu ya kira shi. Da kansa ya ja janareta, hannun rigarsa a naɗe. Bai ce mata komai ba sai, "Buɗe mu gani."

Kwamfutar ta ɗauki lokacinta. Liatu ta sa lambar sirri ba daidai ba sau ɗaya, ta sake sawa. Shafin ya buɗe. Makunnin tsayarwa a kashe yake, bai adanu ba. Ta gangara ƙasa zuwa jerin saƙonnin da suka fita. Saƙon Haladu yana nan, ƙarfe tara da minti sha huɗu. A gefensa an rubuta adadin waɗanda ya je wa: ashirin.

"Ashirin," in ji ta. Ta juyo ta kalli Alhaji. "Mutum ashirin ne, Alhaji. Iyakar ta riƙe."

Alhaji ya jawo kujerar roba ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Alhamdulillahi," ya ce, har sau uku.

Nan take ta kashe shelar gaba ɗaya, ta aika wa ashirin ɗin gyara, sannan ta raba lambobin biyu, goma nata goma na Alhaji, suka shiga kira. Yawancinsu ba su fita feshi ba, suna jiran ganye ya bushe daga ruwan asuba. Wasu ba su ma buɗe saƙon ba. Wani ya ce maganin ne bai saya ba tukuna. Wani ya riga ya zuba murfi shida a tanki, ya ga ruwan ya yi kauri ya tsaya yana tunani, sai ga kiran Alhaji. Cikin minti arba'in suka samu mutum sha tara.

Na ashirin shi ne wani dattijo, Malam Buba, wayarsa tana shiga ba a ɗauka. Haladu ya ruga gidansa a mashin. Matarsa Hajjo ta ce ya fita tun ƙarfe goma, da tankinsa da kwalbar magani, ya bar wayar tana caji a sola. Haladu ya kira Liatu yana haki, ya ce ya nufi gonar, tana bayan rafi.

Minti ashirin da biyar suka yi a ofis ba labari. Alhaji ya fita ya yi alwala ya dawo. Liatu ta zauna tana kallon allon kwamfuta ba tare da tana karanta komai ba. Sai wayar ta yi ƙara, ta sa ta a lasifika.

"Malama, ga Baba Buba, ku yi magana."

Wata murya mai kauri ta ce, "Salamu alaikum. Ke ce ta ofis ɗin?"

"Ni ce, Baba. Ina wuni? Ka yi feshin?"

"Na yi mana, har na kusa gamawa."

"Murfi nawa ka zuba?"

"Biyu."

"Ba ka ga saƙon ba ke nan?"

"Na gani, Hajjo ta karanta mini. Na ce mata Haladu hannunsa ne ya zame. Yarinya, kwalbar gaba ɗaya ba ta kai murfi ashirin ba. In zuba me?"

Alhaji ya fashe da dariya har yana tari. Ta cikin wayar ana jin Haladu yana ta "Allah na gode maka", dattijon kuma yana ce masa ya sauka daga kan kunya, yana taka masa shuka. Liatu ta kifa kanta a kan tebur. Ba kuka take yi ba, amma ta ɗan jima kafin ta ɗago.

Da Haladu ya iso ofis bayan la'asar, wandonsa duk laka, ya tsaya a ƙofa ya kasa shigowa. Ya ce a rubuta masa takardar gargaɗi, ya cancanta. Liatu ta ce in za a rubuta to a rubuta biyu, saboda ita ma ta tafi gida ran Juma'a ba ta tabbatar da saitinta ba. Alhaji ya ce shi ba shi da takardar ɓatawa, kowa ya je ya ci abinci.

Washegari ta saita tsayarwar, ta rufe shafin, ta sake buɗewa ta ga tana nan, sannan ta kira Sadiya, sakatariyar ofis, ta nuna mata da idonta. Ta roƙi mutanen Kaduna su ƙara wani makunni: duk saƙon da ke ɗauke da lamba, manhaja ta nuna wa mai aikawa lambar da haruffa, "ashirin", ta tambaye shi ko haka yake nufi. Sun yi cikin kwana huɗu. Ta kuma koya wa Sadiya yadda ake kashe shela, aka ba ta tata lambar sirrin, don kada komai ya rataya a wuyan mutum ɗaya. Ran Talata aka buɗe wa Dayi duka, ran Alhamis Ƙarfi, mako na gaba har Dandume. Tsutsar ta yi ɓarna a shekarar, amma galibin gonakin da aka fesa da wuri sun farfaɗo.

Liatu tana ofis ɗin har yanzu. Makunnan sun kai talatin da ɗaya, kuma akwai guda huɗu da ba ta taɓa kunnawa ba, saboda ba wanda ya iya gaya mata amfanin da za su yi wa manomi. Bara ta karɓi aron wata 'yar gona a hanyar Ƙarfi ta shuka waken suya. Ran Asabar da safe can ake samun ta, ita da Mark, suna gardama a kan tazarar shuka.