Kakin Baba da Bangon Ɗakin Inna

Mahaifina duba-gari ne har ya yi ritaya. A garinmu, nan ƙasar Daura, akwai matan da suka tsufa da tsoronsa; da an hango kakinsa a bakin lungu sai ka ji ana kife tukwane, ana laluben tsintsiya. Ya yarda da ƙaramar hukuma yarda mai tsanani. Shi kan zage ta a cikin gida, amma wani bai isa ya taya shi ba.

A bayan gidanmu akwai magudanar ruwa da ta bi ta ƙarƙashin titi. An daɗe ba a yashe ta ba, leda da yashi suka toshe kwalbatin. Da damina ta kankama sai ruwan unguwa kaf ya taru ya kwanta a gindin bangon ɗakin Inna, mahaifiyata. Bangon na ƙasa ne, kuma a jikinsa gadonta yake.

Samarin unguwa suka zo zaure suka durƙusa. Babbansu ya ce, "Baba, ka yi mana izini mu yi gayya mu yashe kwalbatin nan."

Baba ya ce, "Ba aikinku ba ne. Akwai waɗanda aka ɗauka don shi. In kun yashe yau, gobe sai su ce ai mutanen unguwar nan na iyawa, shi ke nan sun huta har abada."

Gaskiya ya faɗa, amma ni haushi ya kama ni, don gaskiyar tasa ba ta tare ruwa.

Duk ranar Litinin sai ya sa tsohon kakinsa ya tafi sakatariyar ƙaramar hukuma. Yau a ce shugaban ya tafi Katsina, gobe a ce an sauke shi an naɗa kantoma, jibi a ce ana jiran saƙo daga sama. Yaran da ya koya wa aiki su ba shi kujera, su ba shi haƙuri, su rako shi har bakin ƙofa. Da yamma ya kara rediyo a kunne yana sauraron masu muhawara kan a sakar wa ƙananan hukumomi mara su yi aiki, yana gyaɗa kai kamar da shi ake yi. Na taɓa tsokanarsa na ce in 'yancin ya iso, ya roƙa mana shi ya biyo ta bayan gidanmu da shebur. Bai yi dariya ba.

Na roƙi Inna ta koma ɗaya ɗakin kafin damina ta wuce. Ta harare ni ta ce, "Kai yaron nan, in na kwashe kayana ai na shelanta wa gari ubanka ya gaza. Ina nan inda ya ajiye ni."

Wata rana aka tafka ruwa bayan la'asar. Da ya tsagaita, Baba ya shiga ɗakin Inna neman lema, ni kuma ina bakin ƙofa. Sai ya lura da wani zane da aka rataya a bango bayan gado, inda da babu komai. Ya ɗaga shi. Bangon ya tsage daga ƙasa har kusan kafaɗar mutum, an cike tsagar da ɗanyen yaɓe, ga shatar yatsun Inna a jiki. Ashe kullum in ya fita sai ta kwaɓa ƙasa ta lallaɓa wurin, ta mayar da zanen don kada ya gani ya ji kunya.

Ya waiwayo riƙe da bakin zanen. Ya ce, "Hajiya, a nan kike kwana?"

Ta ce, "To ina zan kwana, Malam?"

Ban taɓa jin tausayin mahaifina kamar ranar ba.

Washegari ya sa kakinsa. Na zaci sakatariya za shi, sai ya nufi gidan mai unguwa, da bakinsa ya roƙi a kira gayya. Inna ta dama kunu cike da babbar roba. Samari suka shiga kwalbati, shi ma ya naɗe wando ya bi su, duk da hana shi da aka yi ta yi. Kafin azahar ruwan ya samu hanya, mako na zagayowa muka gyara bangon.

Ranar Lahadi Inna ta ɗauko kakin za ta wanke, ya yi kaca-kaca da laka. Baba ya ce, "Bar shi haka. Gobe da shi zan je sakatariya, su ga mun yi musu aikinsu, kada su ɗauka mun yafe."

Inna ta tsoma shi cikin ruwan sabulu ta ce, "Ka je ka faɗa musu da bakinka, Malam. Amma mutumin da ya koya wa garin nan tsafta ba zai fita daga ɗakina da datti ba."

Da safe ya fita cikin kaki wankakke, ta tsaya a soro tana kallonsa har ya sha kwana.