Jafaru Tela da Karnukan Bayan Tasha

Duk wanda ya zauna a Gwarzo a shekarun nan ya san Jafaru tela, ko da bai taɓa kai masa ɗinki ba. Shi ne dattijon nan mai tumbi da ake gani da sanyin safiya yana sassarfa ta wajen hanyar Mainika, cikin doguwar riga da hula, kamar wanda aka aika kiran unguwarzoma. Sunansa na yanka Ja'afar, amma ban da limamin da ya raɗa masa, ba wanda ya taɓa wahalar da harshensa wajen faɗin haka.

Da ƙuruciya a Kano ya yi aiki, a wata masaƙa. Da shekarun tsuke bakin aljihu suka zo aka rage ma'aikata, sai ya tattaro ya dawo gida da matarsa Hajaratu, 'yar Gude ta ƙasar Kabo, da yara ƙanana, da wani tsohon keken ɗinki. Ya kafa keken a zaure ya zauna, zaman kuwa ya yi tsawo. Jafaru ba ya shan taba, ba ya cin goro, amma shayi kam, in sukari bai kusa tsayar da cokali ba, ba zai kai bakinsa ba.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano jikinsa ya fara kawo ƙara. Ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, ga ido yana hazo har zura zare a allura ya zama aiki. Likita ya ce ciwon suga ne. Ya ce ya bar sukari, ya riƙa fita kullum da safe yana sassarfa har ya yi gumi, kuma ya kiyayi rauni a ƙafa, don raunin mai wannan ciwo ba ya jin magani da wuri.

Wannan magana ta ƙarshe ba sai an yi wa Jafaru fassara ba. Abokinsa Ɗanladi na Dugabau, wanda suka yi masaƙa tare, ƙaya ya taka a gona, ƙaya kawai, aka yi ta fama har sai da aka yanke ƙafar daga gwiwa. Jafaru ya je dubiya ya dawo bai iya cin tuwo ba. Tela kuma da ƙafa yake taka keke, da ita yake ci da iyali. Tsoro ne ya fitar da shi gudu, ba son burgewa ba.

To amma gudun babban mutum a garinmu ba ƙaramin al'amari ba ne. Gajeren wando dai ba a ma maganarsa, musamman a wannan shekara. Ranar farko mutane suka fito da bokitai suna tambayar gidan wa ne ya kama da wuta. Kashegari wani ya hange shi da duku-duku ya kusa ƙwala ihun ɓarawo, a lokacin da ba a hirar komai a majalisa sai yanke hannu. Abin da ya fi damun sa kuwa gaisuwa ce. Ina mutum zai wuce dattijo a guje? Dole ya tsaya a yi ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya jikin, kafin a gama gumin ya bushe. Shi ya sa ya koma bin wata 'yar hanya ta bayan tasha, inda ba kowa.

Ashe akwai dalilin da ya sa ba kowa. A can ne dā ake da 'yan gidajen giya. Da Shari'a ta zo masu su suka kwashe komatsansu suka bar gari, suka bar karnukansu a baya. Karnukan suka haɗa gungu, yunwa ta mai da su abin da ta mai da su.

Jafaru yana cikin sassarfarsa sai ya ji gurnani daga wani kango. Kafin ya waiwaya sun fito, wani jan kare mai yagaggen kunne a gaba. Jafaru ya ari na kare, ya manta masu abin ne a bayansa. Hula ta yi nata wuri, silifa ɗaya ta cire. Yana jin hucin jan karen a dunduniyarsa, ba abin da yake gani a ransa sai dungulmin ƙafar Ɗanladi. Haƙori ɗaya ya isa.

Sai wata murya ta tsohuwa ta tsaga safiyar: "Tsaya ka gani!"

Jafaru ya tsaya cak. Ya tashi a gidan da ba a take maganar babba, kuma gaskiya numfashin ma ya ƙare. Abin mamaki, jan karen shi ma ya ja birki, ya sauke wutsiya, sauran suka tsaya a bayansa suna zazzaro harshe.

Wata tsohuwa siririya ce tsaye a bakin danga da ƙwaryar tatsa a hannu. Goggo Altine ke nan, wadda iyayenta makiyaya ne, ita kuma ta zauna nan ƙarshen gari da 'yan shanunta da gonarta.

Jafaru ya ce, "Goggo, ga ni na tsaya. Me zan gani?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Yo wa ya kira ka, ɗan nan? Da kare nake."

"Da kare?"

"Sunansa ke nan. Matar da ta raine shi ce ta sa masa, habaici take wa maƙwabta. Amma gara da ka amsa. Da ka ƙara taku biyu, da yanzu wata maganar ake."

Ta yi dariya har tana riƙe ciki, shi kuwa ya zube a gindin danga, hawaye na zubo masa ba tare da ya shirya ba. Da ya samu kansa ya gaya mata komai, ciwon, da likita, da Ɗanladi. Ya ce shi dai ya haƙura da gudun, abin da Allah ya rubuta ya same shi a zaurensa.

"Kai, rufe mana baki," in ji Goggo. "Su fa ba mugunta ce da su ba, yunwa ce. Matarka ba ta ƙanzo? Gobe ka zo da shi. Ina nan wajen tatsa kullum war haka."

Haka aka yi. Hajaratu ta riƙa kankare masa tukunya tana mita, wai ita dai ba ta taɓa ganin inda ake kai wa kare lefe ba. Kullum Goggo Altine na tsaye a bakin danga, ta kira karnukan ɗaya ɗaya da sunansu, shi kuma ya watsa musu ƙanzo daga nesa, yana tattare riga kada su shafe shi. Ran da take zazzaɓi ma ta fito, lulluɓe da mayafi. Tun suna gurnani har suka daina, har ta kai suna raka shi sassarfa, su a gefe shi a gefe. Mutanen gari suka sa masa sarkin karnuka. Bai ji haushi ba ko kaɗan.

Tumbi ya sauka, hazon ido ya yi sauƙi, keke ya ci gaba da kuka a zaure. Da shi ya aurar da 'ya'yansa mata, da shi ya kai ƙaramin ɗansa makarantar gaba da sakandare. Karnukan suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, na mota ya tafi, na tsufa ya tafi. Jafaru bai canja hanya ba. Gaisuwar Goggo ita ce ɗaya da yake tsayawa ya yi ta har ƙarshenta, ko da gumin zai bushe. Kowace Sallah ya ɗinka wa Goggo zane da riga ya kai mata, ita kuma kowace Sallah sai ta ce hannun rigar ya yi faɗi.

Da ta rasu, cikin wata damina, Jafaru na cikin waɗanda suka fara isa. Maƙabarta da ɗan nisa, hanya duk caɓi. Makara dai karɓa-karɓa ake yi mata, kowa ya ɗan taɓa ya samu lada ya ba wani. Jafaru ya kama kusurwar gaba ya ƙi saki. Gemunsa ya yi fari fat a lokacin, mutane suna ganin yadda kafaɗarsa ke rawa.

Wani jikan Goggo ya matso ya ce, "Baba Jafaru, kawo in karɓe ka."

"Bar ni, ɗana," in ji shi. "Ƙafafun nan da kake gani, ita ta bar mini su. Bari su kai ta."

Aka ƙyale shi. Bai sauke ba sai a bakin kabari.