Banɗakin da Pyo Ya Ɓoye da Kabewa

Pyo Chun-bae yana da shekara ashirin da shida shugaban ƙasa na lokacin ya ja koren layi ya kewaye Seoul, wai don birni ya sami iskar shaƙa. Ƙauyenmu ya faɗa ciki. Gonarka taka ce, gidanka naka ne, amma ba ka ɗora bulo ɗaya sai da izini, izinin kuwa mun gaji da jiransa. Katanga ɗaya ce tsakanina da shi, don haka a idona ya tsufa.

Latas yake nomawa da albasa. Duk zaɓe sai ya goge farar rigarsa ya tafi, don kowane ɗan takara ya ce zai sake mana ƙasa. Wani cikinsu ya saki ƙasar tsallaken rafi, aka dasa benaye masu hawa ashirin. Mu aka bar mu muna gadin iska.

Bara gwiwoyin matarsa Geum-rye suka ƙi. Masai na gidan yana can ƙarshen fili, bayan tulunan kimchi, kabejin da muke tsimawa. Pyo ya nemi izini sau biyu, shiru. Sai ya gina ɗan banɗaki jikin ɗakinsu, ya shuka kabewa ta hau rufin ta lulluɓe shi, don jirgin hukuma mai ɗaukar hoto daga sama ya ga ganye kawai. Haka iyayenmu suka ɓoye rumbunansu.

Na ce, "Kai tsoho, kabewa za ta rufa maka asiri?"

Ya ce, "Ta fi 'yan siyasarka riƙon amana."

Da can da damina jirgin ke wucewa. Wannan karon sai ya zo bayan sanyi ya ƙone ganyen, rufin kwano yana ta ƙyalli.

Ma'aikaciyar da ta kawo takardar rushewa, Pyo ya yi jika da ita. Ta kasa haɗa ido da shi. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ana cewa bayan zaɓe za a sassauta."

Ya ce, "'Yata, tun ba a haifi uwarki ba nake jin wannan. Sha shayinki."

Bai yarda baƙi su shigo da guduma gaban matarsa ba. Da kansa ya rushe, kwana uku, yana yi yana zama. Na kama masa kwasar bulo, raina a ɓace.

Yanzu goya ta yake yi zuwa masai, a kan ƙanƙara, shi mai shekara saba'in da tara. Ina jin ta ta katanga tana kiransa da sunan 'yarsu, tana cewa, "Uban Mi-ran, a hankali, kada ka zubar da ni!" Shi kuma ya ce ta yi nauyi kamar buhun shinkafa, alhali ba abin da ya rage a jikinta.

Jiya na kai mata romo da rana. Ta ture kwanon, ta leƙa ta ga Pyo yana gona, sannan ta rage murya.

"Mayar da shi. Daga hantsi ba na shan komai yanzu, don kada ya yi ta goya ni zuwa masai. Bayansa ba zai kai bazara ba."